Barau da Dakashin Goɗiyarsa

Idan ka shiga ƙauyenmu, can gabas da Ɗanzomo, ka tambayi wanda ya fi kowa son dabba, ba za a yi gardama ba, gidan yayana Barau za a nuna maka. Ni kuwa da muka fito ciki ɗaya da shi, na kuma dawo gidan da zama bayan mijina ya rasu, cewa nake yi Allah ya raba dabba da irin wannan so. Sunana Sabuwa. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli nake yi, kuma abin da zan faɗa ganau ce ni, ba jiyau ba.

Yaya Barau manomi ne, gero da wake da riɗi. Da rani kuma gindin darbejiya yake wuni yana tufkar igiya da saƙar kaba. Ba ya shan taba, ba ya zagi, bai taɓa ɗaga wa matarsa Asama'u murya a gaban mutane ba. Aibinsa guda ne tak: ba ya iya barin abu ya yi kansa. Zai yi shuka yau, jibi ya koma ya tone rami ya ga ko iri ya tsira. Kaza na kwanci zai ɗaga ta ya kara ƙwai a kunne, in ya ji ɗan tsako na ƙwanƙwasawa sai ya ɓare masa ɓawo, wai kada ya wahala. Tsakin da suka mutu a tafin hannunsa ta haka, Allah kaɗai ya san yawansu. In ka yi magana ya dube ka da idon nan nasa mai ban haushi, ya ce ai tausayi ne.

Babanmu yana da doki a da. A babban farin nan da ya cinye dabbobin ƙasar nan aka sayar da shi aka sayi hatsi, kuma Barau ne, yana saurayi, ya ja shi zuwa kasuwa da hannunsa. Tun daga ranar abin ya tsaya masa a rai. Ba dokin saye yake so ba, a'a, haifaffen gida yake so, wanda zai faɗo a turkenmu ya girma a gabansa. Ya faɗi wannan magana har mun haddace ta.

Shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano riɗi ya yi albarka. Ranar wata Alhamis ya tafi kasuwar Maigatari da niyyar sayen san huɗa, muka yi ta murna za mu huta da aron shanun mutane. Da la'asar sai ga shi yana janye da goɗiya. Wani mutumin Damagaram ne ya sayar masa, ya rantse masa tana da ciki, kuma don Allah bai yi ƙarya ba. Gunya ya sa mata suna saboda launinta mai haske. Asama'u ta leƙo ta gan ta, ta juya ta koma ɗaki. Ni ce na tambaye shi ko da goɗiya za mu yi huɗar. Ya ce in yi haƙuri, alheri ne ya shigo gida.

To, sai in kawo maganar Iya, mahaifiyarmu, Allah ya ji ƙanta, don ba za a gane Barau ba sai da ita. Iya ungozoma ce, rabin mutanen ƙauyen nan a hannunta suka faɗo. A wajenta, da ma wajen duk matan zamaninta, dakashi ba abin ba jariri ba ne. Dakashi shi ne nonon farkon nan mai kauri, ruwan ɗorawa, da ke zuwa da zarar an haihu. Sai a tatsa a ludayi a jefa tururuwa ciki. In ta fita da ƙafarta, nono na da kyau. In ta maƙale ta mutu, mugun nono ne, a tatse a zubar, a riƙa ba jariri ruwa da nonon akuya har na uwar ya yi fari. Barau ya tashi yana ganin haka, kuma a wajensa abin da Iya ta yi ba ya tashi.

Ana gab da damina Gunya ta haihu. Namiji ne, duƙushi mai kyau, doguwar ƙafa, da farin goshi. Kafin uwar ta miƙe Barau ya yanke cibiya da reza, ya gasa ta da tsumma mai ɗumi kamar yadda ake yi wa ɗan mutum. Sannan ya tatsi goɗiya a ludayi, ya sa aka nemo masa tururuwa. Ta faɗa ciki ta yi ɗan motsi ta tsaya. Sai na ga ya zaro wani ɗan takunkumi na kaba daga aljihu. Ashe tun tana da ciki ya saƙa shi ya ajiye. Ya ɗaura wa duƙushin a baki.

Na ce, "Yaya, goɗiya ce fa, ba mai jego ba. Awakinmu na haihuwa, jakunan gari na haihuwa, wa ya taɓa tatse musu nono?"

Ya ce, "Doki ba jaki ba ne, Sabuwa. Cikinsa irin na mutum ne. Kina ganin tururuwa ta mutu a gaban idonki ki ce in ba shi?"

Haka ya tatse dakashin nan tas, ya haƙa rami bayan danga ya binne. Gunya ta harbe shi a cinya, bai daddara ba. Duƙushin na ta zagaya uwarsa yana cusa kai ƙarƙashinta, takunkumi na tare shi, ita kuma tana haniniya tana tono ƙasa da kofato. Barau na durƙushe da ƙoƙon nonon akuya yana lallashinsa kamar yaron goye. Sai da nonon ya yi fari ya kwance masa baki.

Bai yi sati ba zawo ya kama shi. Ya daina sha, idanunsa suka zurma, ya kwanta ya kasa ɗaga kai. Barau ya jiƙa sassaƙe iri-iri ya ɗura masa, ya hana kansa abinci, ya hana mu sakat. Da duƙushin ya mutu ya yi kuka da hawaye, babba da shi. Na tausaya masa, wallahi. Amma da na tambaye shi abin da yake gani ya kashe shi, cewa ya yi wataƙila kafin ya sa takunkumin ya ɗan tsotsa bai lura ba.

Gunya ta sake haihuwa, na biyun ma namiji ne. Wannan karon ko numfashi bai gama yi ba takunkumi ya hau bakinsa. Ya ɗan yi kwanaki yana tsalle, har muka fara cewa an tsallake. Sai cibiyarsa ta kumbura tana fitar da ruwa, gwiwarsa ta gaba ta yi suntum, in ka taɓa zafi rau. Kashegari ɗayar ma ta kumbura. Barau ya ce uwar ce ta taka shi, ya kira maɗori. Maɗori ya lalluba ya ce shi bai ji karaya ba. Sai ya koma cewa baki ne, mutane sun cika zuwa kallo.

A nan ne na shigo da Malam Jethro. Shi malamin dabbobi ne a ƙaramar hukuma, a Sule Tankarkar, mutumin wajen Pankshin, ya daɗe a ƙasar nan har ya iya cin tuwon gero da miyar kuka ba ya yamutsa fuska. Matarsa Keziya a wajena take sayen man gyaɗa duk ranar kasuwa, mun saba har muna zolayar juna. Na ba ta labari, ta ce zai zo. Ya zo a kan tsohon babur ɗinsa da 'yar jakar allurai. Ya duba cibiya, ya matsa gwiwa, ya sa ma'aunin zafi, sannan ya tambayi abin da duƙushin ya sha ranar da aka haife shi. Barau ya ba shi labarin tururuwa da takunkumi yana alfahari, yana jiran a yaba masa.

Malam Jethro ya cire hularsa ya share zufa. Mutum ne mai haƙuri, ya zauna kan turmi ya yi masa bayani a hankali.

Ya ce, "Malam Barau, ɗan mutum yana samun kariya daga jikin uwarsa tun yana ciki. Duƙushi ba haka yake ba, fanko yake fitowa. Duk maganin cutar da uwar ta tara a jikinta, a dakashin nan take zuba masa. Kuma cikinsa ranar farko kaɗai yake iya karɓa. In ta wuce, ko randa guda ka ba shi ba zai amfane shi ba. Ciwon nan ta cibiya ya shiga, ya bi jini ya sauka a gaɓoɓi, don bai tarar da abin da zai tare shi ba."

Barau ya ce, "Likita, kai ka sha dakashi?"

"Ina zan sani, Malam Barau?"

"To ni na sani. Ban sha ba, ga ni a gabanka, ko zazzaɓi ba na yi."

"Shi ne na ce maka na mutum daban. Kuma ko mutum ɗin ma, yanzu a asibiti cewa ake yi a ba shi."

"Tururuwar fa? A gabana ta mutu."

"Ko a zuma ka jefa tururuwa maƙalewa za ta yi. Zuma guba ce?"

Na ce a raina yauwa, an kama shi. Barau ya dubi ƙasa, can ya ɗago ya ce, "Zuma daban."

Na ji kamar in ɗauki muciya in buga wa kaina. Malam Jethro ya yi wa duƙushin allura, ya yi ta dawowa yana ƙarawa, amma tun farko ya gaya mana ciwon ya riga ya yi nisa. Duƙushin ya kwanta a gefe ɗaya har fatarsa ta saɓule, sannan ya bi ɗan'uwansa.

Wani zai ce ai daga nan mutum ya ji bari. Ba ku san yayana ba. A gaban Malam Jethro "To, Likita, na ji, Likita" yake yi, yana juya baya ya hau dokin naƙi. Da Gunya ta sake ɗaukar ciki ya canza mata turke, ya canza ingarman da ake kai ta wajensa, wai na farkon jininsa ne ba kyau. Ya karɓo rubutu ya zuba mata a ruwa, ya rataya mata laya a wuya. Cikin maganar likita rabi ya ɗauka: ya yarda da shafa maganin aidin a cibiya kamar yadda ya ce a riƙa yi, har Gumel ya je ya sayo kwalba. Na ce masa, "Dakashin fa?" Ya ce zai duba. Ranar haihuwa ya duba ɗin, da ludayinsa da tururuwarsa.

Na tsaya a kansa na yi masa tas. Na ce ya kashe biyu, zai ƙara na uku. Ya ce ni mace ce mai ɗan karen baki, kuma in ina ganin na fi Iya sani in faɗa a fili. Nan fa ya ɗaure ni, don wace ce ni da zan tsaya tsakar gida in ce uwata ba ta san aikinta ba? Na ce Iya mutane ta karɓi haihuwarsu, ba dawaki ba. Ya ce rai ɗaya ne. Ta ukun mace ce, 'yar kyakkyawa. Ita tari ne ya kama ta, hancinta na zubar da majina, haƙarƙarinta na sama da ƙasa kamar zugazugin maƙera. Malam Jethro ya zo ya ga takunkumi rataye a jikin danga, ya dube ni, na kau da kai. Ya yi allurarsa, kuma ba ta hana abin da zai faru ba.

Bayan wannan na yi wata guda ba na gaishe shi sai da hannu. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba mugunta ba ce. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi. Mutumin da zai hana cikinsa ya sayo wa goɗiya dusa da kanwa, ya wanke ta, ya cire mata kaska ɗaya bayan ɗaya, shi ne kuma ke binne abincin ɗanta a bayan danga. Garin gyaran gira ya tsiyaye ido har sau uku, kuma kowane karo akwai wanda zai ɗora wa laifi: baki, iska, ingarma, ruwan rijiya. Shi kaɗai ne ba ya cikin lissafi.

Gunya ta yi shekara biyu ba ta ɗauka ba. Da ma ba yarinya ba ce lokacin da aka sayo ta, bayanta ya fara lotsawa, haƙoranta sun yi tsawo. Da ta sake ɗauka, a shekarun nan na wahalar fetur, Malam Jethro ya buɗe bakinta ya duba, ya gaya mana gaskiya: da wuya ta ƙara wani bayan wannan. Wato ko wannan ya rayu, ko kuma Barau ya mutu bai ga haifaffen gidansa ba. Shi ma ya gane haka. Me ya yi? Sabon takunkumi ya saƙa, ya fi na da laushi, har da ɗan ƙyalle a ciki don kada ya goge wa duƙushi hanci.

Na sami Asama'u a madafa na ce mata, "Wannan karon sai dai a yi wadda za a yi." Ita mace ce mai sanyi, ba ta taɓa musa wa mijinta ba. Ta ce, "Yaya za mu yi da maigidan, yana kwana yana tashi a turke?" Gaskiya ta faɗa. Tun da hantsar goɗiyar ta cika ya kai tabarmarsa can, ko sallah a gefenta yake yi. Keziya ta ba ni aidin a 'yar kwalba na ɓoye cikin kwallata, ta kuma isar min da saƙon mijinta: kada a yanke cibiya, a bar ta ta tsinke da kanta, a tsoma a aidin, a ja da baya. Ya ce goɗiya ba ta son a tsaya mata a kai, takan riƙe haihuwa har sai ta ga ba kowa.

Allah ne ya kawo mana ruwan shuka. Ya sauka sosai, ƙasa ta jiƙu, gari ya waye kowa na saɓe da sungumi. Ranar shuka kuwa ba wanda ke zama a gida, in ka bari laima ta gudu ka yi asarar shekara. Barau ya yi ta kai da komo tsakanin turke da zaure. Ya shafa cikinta, ya duba ƙarƙashinta, ya ce da saura. Ya ja mana kunne cewa ko atishawa ta yi a aika masa, sannan ya fita yana waiwaye.

Wallahi kamar jira take. Hantsi bai gama ɗagawa ba ta fara zagaya turke tana zufa, ta kwanta ta tashi, ta sake kwanciya. Asama'u ta yafa gyale za ta nemi wanda za a aika gona. Na riga ta zuwa zaure na sa sakata.

"Sabuwa, zai ce na ci amanarsa."

"Ki ce ni na hana. Ai ya san halina."

Muka laɓe bayan rumbu muna leƙe. Ƙafafu biyu suka fito, sai hanci, sai ga shi gaba ɗaya ya sulluɓo. Namiji. Uwar ta juyo tana lasarsa tana wani ɗan gurnani da ban taɓa jin ta yi ba. Da ta miƙe cibiya ta tsinke, na lallaɓa na tsoma ta a aidin na koma maɓoyata. Ya yi ta yunƙurin tashi yana faɗuwa, Asama'u na cewa mu je mu ɗaga shi, ina cewa ki bar shi, ɗaga-ɗagar nan ce ta kawo mu inda muke. Da kansa ya tsaya, ƙafafu a wawware. Ya lalubi ƙirjinta, ya lalubi cinyarta, can ya samu. Muna jin ƙarar haɗiyarsa daga inda muke. Na je na ciro sabon takunkumin daga jikin danga na cusa shi a murhu, ya ci da wuta har da ƙyallen.

Da azahar Barau ya dawo, ƙafarsa duk taɓo. Ya tarar da duƙushi a tsaye, bakinsa da gemunsa sharkaf da dakashi. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. Ya dafe kai ya yi salati, ya ce mun kashe masa shi, mun kashe na ƙarshen. Ya ruga ɗaki ya ɗebo ganyen filasko ya ɗora a wuta, wai zai ɗura masa ya wanke masa ciki kafin gubar ta bi jiki. Ka ji fa! Jaririn da bai wuni a duniya ba za a ba maganin sa zawo. Na ɗauki taɓarya na tsaya a bakin turke na ce sai dai ya bi ta kaina. Muka yi ta musayar yawu har maƙwabta suka fara leƙowa ta saman danga.

Asama'u ce ta kashe maganar. Ta sauke tukunyar daga wuta ta tuttular da ita a magudana. Ta durƙusa a gabansa ta ce, "Malam, ka yi haƙuri. Uku ka yi naka. Wannan ka bar wa uwarsa."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. Ya ce, "To. In ya mutu, alhakinsa na wuyanku." Ya ɗauki butarsa ya fita.

Daga ranar ya zauna gadin ciwo. Ba ya taɓa duƙushin, amma ba ya ɗauke ido daga kansa. In ya kwanta barci ya ce ga shi nan ya fara. In ya yi atishawa ya kira ni in zo in ga aikina. Ni kuma ina ta cika baki a gabansa, amma in na shiga ɗaki gabana faɗuwa yake yi, don in wannan ya mutu ba mu da bakin magana har abada, kuma babu wani a bayansa.

Ana cikin sati na biyu da safe sai na ji kiransa daga turke. Na je na tarar bayan duƙushin ya ɓaci, jelarsa ta jiƙe, zawo ne ba tantama. Barau ya ce, "Kin gani? Kin ga abin da nake faɗa?" Idonsa cike da hawaye, amma na rantse a cikin muryarsa akwai wani abu kamar na wanda ya ci shari'a. Wannan ya fi zawon ɓata min rai.

Na ba wani mai zuwa Sule Tankarkar saƙo. Babu fetur a gari, Malam Jethro a kan keken aro ya zo, cikin yashin nan, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya sa ma'aunin zafi, ya buɗe idon duƙushin, ya ja fatar wuyansa ya saki, ya matsa cibiya da gwiwoyi ɗaya bayan ɗaya. Yana cikin dubawa duƙushin ya fizge ya ruga wajen uwarsa ya kama sha.

Malam Jethro ya yi dariya ya ce, "Mai ciwo ba ya haka. Babu zazzaɓi, cibiya ta bushe. Wannan ɗan zawon kusan kowane duƙushi na yin sa a daidai wannan lokaci, zai tsaya da kansa. Ku wanke masa baya, ku shafa man kaɗanya kada fata ta ɗaye. In ya daina sha ko jikinsa ya yi zafi, a kira ni da gaggawa."

Barau ya ce, "Ba allura? Ba abin da za a ba shi?"

"Babu. A ƙyale shi kawai."

A duniya babu umarnin da ya fi wannan yi wa yayana wuya. Sau biyu ina kama shi da ƙoƙon jiƙo a ƙarƙashin riga, ina ƙwacewa. Zawon ya tsaya kamar yadda aka faɗa. Duƙushin ya shiga yin ƙiba, gashinsa na sheƙi, yana tsere da iska daga turke zuwa rumbu, yana tarwatsa min gyaɗar da na shanya. Ya wuce kwanakin da na farko ya yi, ya wuce na biyu, ya wuce ta uku. Gero ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, shi ko tari bai yi ba.

Ni kuwa na tanadi maganata. Shekara da shekaru nake tara ta, na jera ta tsaf, na san inda zan fara da inda zan dire. Jira kawai nake ya buɗe baki ya ce layar ce ta yi aiki, ko sabon ingarman, in sauke masa kwandon gaba ɗaya. Amma sai ya ƙi cewa komai. Mutane na zuwa yi masa barka, ya amsa da ka. Abinci ma ya rage ci. Na ce wa Asama'u borin kunya ne, zai warware.

Wata ranar da yamma na gaji da jira. Na same shi zaune a kan turmi kusa da turke, igiyar da yake tufkawa ta zame daga hannunsa tana ƙasa. Duƙushin na ta wasa, ya yi tsalle ya harba ƙafafu, ya dawo ya ciji jelar uwarsa. Na tsaya a kansa na riƙe ƙugu, na ce, "To, Yaya, yanzu me ka gani?"

Bai juyo ba. Ya daɗe yana kallon duƙushin, sannan ya ce, a hankali, "Sabuwa, da yanzu su huɗu ne ke wasa a nan."

Duk abin da na tara ya watse. Na yi shekaru ina roƙon Allah ya nuna min ranar da zai gane, ga ta ta zo, kuma na ji da ma ba a gabana ta zo ba. Na sunkuya na ɗauki igiyar na karkaɗe mata ƙasa, na sa masa a hannu, na zauna a gefensa har aka kira magariba.